Sabon Ƙari a Wasannin Katin Yaƙin Sararin Samaniya: Wanne Ne Ya Cancanci Kuɗin Matashi?

Duk bayan 'yan watanni, kamfanonin da ke yin wasannin kati na waya sukan fito da abin da ake kira ƙari, wato sabon tarin katuna da sababbin ƙa'idoji da ake ɗorawa a kan tsohon wasa. A 'yan shekarun nan yayin ya koma kan yaƙin sararin samaniya. Kamfanin Blizzard ya fitar wa Hearthstone da The Great Dark Beyond a watan Nuwamba 2024, Magic: The Gathering ya biyo baya da Edge of Eternities a watan Agusta 2025, shi kuwa Star Realms tun 2014 can sama ya kafa sansaninsa. Tallar duk iri ɗaya ce: jiragen sama jannati masu ƙyalli, dodannin wata duniya, da manyan lambobi a jikin kati.

Matashin da ke Gusau ko Tsafe ko Kwatarkwashi, wanda ke lissafin datarsa da megabait kuma yake biyan kuɗi a shagon caji, bai kamata ƙyalli ya ɗauke masa hankali ba. Tambaya ɗaya ce ke raba ƙari mai amfani da na cin kuɗi: shin ya ba ɗan wasa sabon abin da zai tsaya ya yi tunani a kai kafin ya jefa kati, ko kuwa katuna masu ƙarfi kawai ya kawo don a jingine tsofaffin? Na farkon ya cancanci kuɗi. Na biyun haraji ne da aka yi wa ado. Kuma ba sai an je Amurka neman ma'aunin gane su ba, domin yana cikin kwalin Whot da ake sayarwa a kowane shagon unguwa.

Ƙarin da 'yan Najeriya suka rubuta da kansu

Whot ba a Najeriya aka haife shi ba. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a Ingila, aka yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga shi. A can wasan ya kusa shuɗewa, a nan ya samu gida. Abin da ya raya shi kuwa shi ne ƙa'idojin da 'yan wasa suka ɗora masa: mai lamba 1 ya sa kowa ya dakata mai shi ya sake jefawa, mai lamba 2 ya sa na gaba ya ɗauki biyu, mai lamba 5 ya sa ya ɗauki uku, mai lamba 8 ya tsallake na gaba, mai lamba 14 ya tura kowa kasuwa. A yaren masu tsara wasanni, wannan shi ne ƙari, sai dai babu kamfanin da ya sayar da shi.

A duba lissafin. Kwalin da aka fi sani yana da katuna 54: da'ira 12, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai katin Whot mai lamba 20 guda 5. Masu lamba 1 guda biyar ne, masu 2 biyar, masu 5 biyar. Masu lamba 8 uku ne kawai, domin kuros da murabba'i ba su da ita. Masu 14 huɗu ne, domin tauraro ya tsaya a 8. Idan aka haɗa da Whot biyar, an samu 27. Wato rabin kwalin cif katuna ne masu aiki na musamman. Shi ya sa wasan ba ya barci.

Amma ba duka 27 ɗin ne ke da daraja ɗaya ba. Katin 20 shi ne sarkinsu, saboda yana tilasta wa mai shi tunani: wace siffa zai nema? Dole ya tuna siffar da abokin wasansa ya kasa bi har ya tafi kasuwa, ya kuma duba abin da ya rage a hannunsa. Katin 2 yana da daɗi ne a majalisar da aka yarda a tare shi da wani 2, domin a nan mutum zai zaɓa tsakanin ya jefa yanzu ko ya ɓoye shi ya zama garkuwa. A majalisar da ba a tarewa, katin ya zama sanda kawai: wanda ya samu ya doka. Su kuwa 1 da 8, idan mutum biyu ne ke wasa, aikinsu ɗaya ne sak, domin dakatar da kowa da tsallake na gaba duk mutum ɗaya suke nufi. Ƙa'idoji biyu, tunani ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama majalisar Whot ya san wannan bambanci ko da bai taɓa furta shi ba. Da shi za a auna ƙarin da ke zuwa daga waje.

Yadda Star Realms ke tafiya

Star Realms ya fi dacewa a fara da shi, saboda ƙa'idojinsa gajeru ne kuma yana gudana a ƙananan wayoyin Android. Rob Dougherty da Darwin Kastle, tsofaffin zakarun Magic, su suka tsara shi, kamfanin White Wizard Games ya buga shi a 2014, kamfanin da yanzu ake kira Wise Wizard Games.

Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 50 na iko da katuna goma marasa ƙarfi: takwas masu kawo kuɗi ɗaya-ɗaya, biyu masu kai hari ɗaya-ɗaya. A tsakiya akwai kasuwa mai katuna biyar a buɗe, jirage da sansanoni, kowanne da farashinsa. Mutum ya ja katuna biyar, ya yi sayayya da kuɗin da suka kawo, ya kai hari da ƙarfin da suka kawo. Abin da ya saya yana shiga tarinsa, in an sake cakuɗawa ya fito masa a hannu. Wanda ya fara mayar da ikon abokin karawarsa sifili shi ya ci. Wanda ya fara wasa katuna uku kawai yake ja a zagayen farko, don rage masa fifikon farawa.

Katunan sun kasu ƙungiya huɗu. Shuɗaye 'yan kasuwa ne masu ƙara iko. Koraye mahara ne. Rawaya suna tilasta wa abokin gaba ya zubar da kati. Jajaye suna ba mutum damar cire katunansa marasa amfani daga wasan gaba ɗaya. Yawancin katuna suna da ƙarin aiki da ba ya tashi sai akwai wani ɗan ƙungiyarsu a fili tare da su a wannan zagayen.

A nan ne lissafi ke shigowa. A ce mutum yana da katuna biyu 'yan ƙungiya ɗaya da yake son su haɗu a hannu ɗaya mai katuna biyar. Idan tarinsa katuna 20 ne, damar su faɗo a wannan hannun tare kusan kashi 5 ce cikin 100. Idan 15 ne, ta kai kusan kashi 10. Idan ya tace tarin ya koma 10, ta haura kashi 22. Wannan ya sa sabon ɗan wasa ke sayen duk abin da kuɗinsa ya kai, gwani kuwa wani lokaci ya bar kuɗi ya tafi a banza don kada ya cika tarinsa da tarkace. Yawa ba shi ne ƙarfi ba a wannan wasa.

Ƙari uku a kan sikeli

Jerin ƙarin farko, mai suna Crisis, ya zo da ƙananan fakiti huɗu masu katuna 12 kowanne. Ɗaya daga ciki shi ne Events, katunan da ba a saye, da zarar sun bayyana a kasuwa sai su auka wa 'yan wasan biyu. A cikin fakitin nan ɗaya akwai mai kyau da maras kyau. Katin Supernova yana rage wa kowa iko 5 ya share kasuwar duka. Babu abin da ɗan wasa zai yi sai kallo, kamar katin 14 da ya tura kowa kasuwa. Wanda ya yi zagaye biyu yana tara kuɗi don wani babban jirgi sai ya ga ya ɓace, ba don abokin karawarsa ya fi shi dabara ba. Katin Black Hole kuwa yana ce wa kowa: zubar da kati har biyu, ko ka rasa iko 4 a kan kowane katin da ka ƙi zubarwa. Haka Bombardment: rushe sansaninka ɗaya ko ka rasa iko 6. Waɗannan biyun ciniki ne, mai iko 40 da mai iko 9 ba amsa ɗaya za su bayar ba. Su ne 'yan uwan katin 20.

Jerin United ya kawo katuna masu ƙungiya biyu a jiki ɗaya. A ido ƙaramin abu ne, amma ya taɓa zuciyar lissafin da aka yi a sama. A da, wanda ya raba ƙafa tsakanin ƙungiyoyi yakan sha wuya. Yanzu kati ɗaya na iya zama gada tsakanin koraye da jajaye, sai tambayar "wace ƙungiya zan bi?" ta koma "waɗanne biyu zan haɗa, kuma a wane zagaye?" Tsofaffin katuna ba su mutu ba, sai ma suka samu sabon aiki. Wannan ita ce alamar ƙari na gari.

A cikin United ɗin akwai fakitin Missions, inda kowa ke karɓar ayyuka uku a ɓoye, wanda ya kammala ukun ya ci wasa ko da abokin karawarsa na da iko cike. Wannan ya buɗe ƙofa ta biyu ta nasara. Ɗan wasa ya daina kallon lambar iko kaɗai, ya fara tambayar kansa me ya sa wancan ke sayen sansanoni barkatai, wane aiki yake ɓoyewa. Duk mai buga dara ya san wannan yanayi, inda ake kallon hannun abokin wasa a karanto layin da yake shirin haɗawa tun bai haɗa ba.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci. A Star Realms, katunan ƙari suna shiga kasuwar tsakiya ne, wadda mutum biyun ke saye daga ciki. Wanda ya biya kuɗin ƙari bai sayi fifiko a kan kowa ba, ya dai faɗaɗa filin da za a fafata. Ana biya sau ɗaya, kuma an san katunan da ke ciki kafin a biya.

Kyakkyawar dabara a cikin muguwar kasuwa

Hearthstone, wanda ya fito a 2014, ya fi Star Realms kyan gani nesa ba kusa ba, kuma ƙa'idar kumbo da ya kawo a The Great Dark Beyond abar yabo ce. Ɗan wasa yana jefa sassan kumbo a matsayin mayaƙa. Duk sashen da aka kashe, ƙarfinsa da aikinsa suna komawa jikin kumbon da ake haɗawa a gefe. A duk lokacin da ya ga dama, mai shi zai biya maki biyar na kuzari ya harba shi. Ya harba da wuri yana ƙarami, ko ya jira ya girma alhali abokin gaba na cin ransa? Wannan tambaya ce ta gaske. Magic ma ya yi irinta a Edge of Eternities, inda ake hana mayaƙi fita yaƙi a tura shi ya yi wa jirgi caji har ya kai matakin tashi. A duka biyun, mutum yana sayar da yau don ya sayi gobe.

Matsalar tana wajen yadda ake mallakar katunan. A Hearthstone kowa da tarinsa yake zuwa fili, kuma babbar hanyar samun katuna ita ce buɗe fakiti rufaffe mai katuna biyar, wanda ba a san abin da ke ciki ba. Alƙaluman da Blizzard ya bayyana a Sin a 2017 sun nuna cewa kati mafi daraja yana fitowa kusan sau ɗaya a fakiti 20. Ana fitar da manyan ƙari uku a shekara, kuma tun 2016 aka kafa tsarin da ke fitar da tsofaffin katuna daga babban fagen gasa bayan kimanin shekara biyu. Wanda ya tsaya, an wuce shi. Kamfanin da ke cin abinci da sayar da fakiti kuwa yana da dalilin sa sabon kati ya ɗan fi na bara ƙarfi, domin idan tsoho ya isa, wa zai sayi sabo?

Wannan ba ƙorafin 'yan wasa ba ne kawai. A watan Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu manyan wasanni caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Apple a ƙarshen 2017 da Google Play a 2019 sun wajabta wa masu manhaja su bayyana damar samun kowane abu kafin a saya. A Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999 kuma caca haramtacciya ce, abin yana da ban mamaki. Dattijo zai ga yara da katin takarda, ko sisi ba su sa ba, ya kore su saboda sunan karta ya ɓaci. Yaron da ke gefe yana zuba kuɗi a fakiti rufaffe a waya, babu mai ce masa uffan, domin babu wanda ya ga abin da ke kan allon. Hukuncin wannan na malamai ne, amma siffar abin ba ɓoyayya ba ce: a biya kuɗi tabbas, a karɓi abin da sa'a ta bayar.

Abin da masu kare tsarin ke cewa

Akwai masu cewa sa'a ita ce gishirin wasa, kuma suna da gaskiya. Da gwani ne ke ci kullum, da ƙanensa ya daina zama da shi. Katin 14 yana sa dariya a majalisa, kuma dariya ma riba ce. Sai dai akwai sa'ar da ke zuwa kafin mutum ya yanke shawara, kamar katunan da kasuwa ta buɗe masa, wadda ke ba shi matsalar da zai warware. Akwai kuma wadda ke zuwa bayan ya yanke, ta rushe abin da ya gina. Ta farko tana koyar da wasa. Ta biyu in ta yi yawa, mutum zai buga wasa ɗari bai ƙaru da komai ba.

Wasu kuma na cewa wasannin fakiti ai kyauta ake sauke su, talaka na iya bugawa ba tare da ya biya ko kwabo ba, yayin da Star Realms ke neman dala kafin a buɗe ƙari. Wannan hujja ce mai nauyi a ƙasar da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma bankuna da dama suka yi shekaru ba sa barin katin naira ya yi sayayya a waje. Amma kyautar tana da farashi. Wanda bai biya da kuɗi ba yana biya da shiga kullum don kammala ayyukan yini, wato da data da caji da lokaci, ga shi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. Abin da aka biya sau ɗaya an san iyakarsa. Abin da ake biya kullum kaɗan-kaɗan, sai an waiwaya ake ganin ramin.

Masu yin wasa ma dole su ci abinci, babu musu. Amma son kuɗi ya taɓa kashe wasa mai kyau. Kamfanin Valve ya fitar da Artifact a watan Nuwamba 2018, da hannun Richard Garfield wanda ya ƙirƙiro Magic a 1993. Sai an biya dala 20 kafin a shiga, sannan a sake sayen katuna. 'Yan wasa suka watse cikin 'yan watanni, a watan Maris 2021 Valve ya sanar da daina aiki a kansa. Dara ta ci gida.

Wasan da ke mutuwa in sabis ya ɗauke

Mutanen Zamfara suna da wani ma'auni da mai sharhin wasanni a Landan ba zai tuna da shi ba. A farkon Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, wasu yankunan suka ɗauki tsawon lokaci fiye da haka. Ko a ranar da komai ke lafiya, wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san inda sandunan sabis ke raguwa. Hearthstone da Magic na waya ba sa buɗewa sai da intanet, kuma in layi ya yanke a tsakiyar fafatawa agogo ba ya jira. Duk katunan da mutum ya tara suna kan kwamfutar kamfani.

Ba a nan kaɗai ba. A watan Janairu 2025 wasan Marvel Snap ya rufe wa 'yan Amurka na ɗan lokaci, saboda kamfanin da ke rarraba shi a lokacin mallakar ByteDance ne, masu TikTok. Mutanen da suka kashe ɗaruruwan daloli suka wayi gari ba su da ko kati ɗaya da za su taɓa. A ɗaya ɓangaren, lokacin da Fantasy Flight Games ya daina buga Android: Netrunner a 2018, wasan kati na masu kutse da manyan kamfanoni, masoyansa sun ci gaba da tsara masa sababbin katuna, yanzu a ƙarƙashin Null Signal Games. Sun iya yin haka ne saboda ƙa'idojin suna hannunsu.

Star Realms ana iya buga shi da kwamfutar cikin waya ba tare da data ba, mutum biyu na iya miƙa wa juna waya ɗaya, kuma ko a intanet akwai tsarin da ke ba kowa sa'o'i 48 ya yi nasa zagayen. Wanda sabis ke zuwar masa da dare kawai zai iya kammala wasa da wani a wata nahiya. Wannan ma ƙa'idar wasa ce, ko da ba a rubuta ta a jikin kati ba.

Aikin da ke jiran masu rubuta manhaja

Rauni ɗaya da duk waɗannan wasanni suka yi tarayya a kai shi ne harshe. Katin dabara rubutu ne, wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha kaye a kan kalma ɗaya. Ga kuma ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da wasu da yawa da suka koyi rubuta manhaja a YouTube, waɗanda galibi in sun tashi yin wasa sai su sake kwafo Whot ko ludo yadda suke. Wasan kati shi ne mafi sauƙin ginawa a cikin wasanni: ba ya buƙatar zane mai motsi ko waya mai tsada. Abin da yake buƙata shi ne ƙa'ida mai kyau, kuma ana iya gwada ta da kwalin Whot kafin a rubuta layi ɗaya.

Ga misali. A ce katunan tauraro bakwai su zama sassan kumbo. Maimakon ya jefa tauraro a tsakiya, ɗan wasa na iya ajiye shi a gabansa a buɗe, amma sai ya je kasuwa ya ɗauki ɗaya. In ya tara uku, zai iya harba kumbon ya sa kowa ya ɗauki uku. In wasa ya ƙare bai harba ba, a ƙirga masa su ninki biyu kamar yadda aka saba yi wa tauraro. Nan take an samu irin tambayar da Blizzard ya gina: a jira ko a harba? Sauran 'yan wasa kuma za su fara riƙe taurarinsu don kada ya samu na uku.

Ko ƙa'idar ta yi kyau ko ba ta yi ba, akwai hanyar ganewa. A rubuta ƙaramin shiri da Python, wanda manhajar Pydroid 3 ke gudanarwa a waya, a haɗa 'yan wasa biyu na kwamfuta: ɗaya yana jefa duk katin da ya dace ba tunani, ɗaya yana bin dabara. A sa su buga sau 10,000 da tsohuwar ƙa'ida, a sake da sabuwa. Idan tazarar mai dabara ta ƙaru, ƙa'idar ta ƙara tunani. Idan ta ragu zuwa kusan rabi da rabi, hayaniya kawai aka ƙara. Idan kuma duk wanda ya fara samun tauraro shi ke ci, an yi katin da ya fi ƙarfin wasa, sai a rage. Manhajar Godot ta gina wasanni kyauta ce kuma tana da sigar Android, rajistar mai manhaja a Google Play kuwa dala 25 ce sau ɗaya.

Labarin da za a ɗora a kai ma ba sai an aro ba. Dutsen Kwatarkwashi, da tsohuwar al'adarsa ta kamun maiki, ya isa ya zama tashar harba kumbo a wasan da aka rubuta da Hausa, inda ƙungiyoyin za su zama fatake da maƙera da maharba da makiyaya na shekara dubu mai zuwa. Fatake su kawo kuɗi, maƙera su narkar da katunan banza, kowa ya gane aikinsa ba tare da ƙamus ba.

Kafin wannan ya samu, mai waya yana da tambayoyi huɗu da zai yi wa kowane ƙari kafin ya danna maɓallin saye. Wane sabon zaɓi ya kawo wanda babu shi a da? Tsofaffin katuna za su ci gaba da aiki? An san abin da ke cikin fakitin kafin a biya? Wasan zai buɗe ranar da babu sabis? Ƙarin da ya amsa huɗun ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya faɗi biyu daga ciki, gara a mayar da kuɗin kan data, a ɗauko kwalin Whot a gwada ƙa'idar tauraro da abokai bayan la'asar.